Ni Na Yanka Allon, Ba Yayanku Ba

Akwai maganar da aka shekara goma sha ɗaya ana yi a gidan nan, ina ji ina yin shiru. Duk sanda kuka taru, ko salla ko suna, in hira ta gangaro kan allon nan mai taya da nake hawa, sai wani a cikinku ya ce ai Yaya Abba ne ya sa wa na farkon zarto ya raba shi biyu, don ya ga hannun Baba a ɗaure. Rakiya ta fi kowa faɗa, har 'ya'yanta sun tashi da labarin. To ba haka aka yi ba, kuma ba na so in bar duniya da wannan a wuyana. Zan faro daga tushe, don jikokina ba su san ma yadda aka yi kafinta ɗan Ikara, wanda ubansa manomin rake ne, ya wayi gari yana yawo a kan katako mai taya ba.

Bitrus ne ya kawo shi. Ku kun san shi da furfura, ni kuwa na san shi yana saurayi mai dogon wuya, sabon zuwa daga kudancin Kaduna, yana gyaran injin ban-ruwa a rumfar da ke jikin tawa. Kafin ya zo garin nan ya yi 'yan shekaru a Legas wajen wani kawunsa, daga can ya taho da abin a ƙasan akwatinsa: katako mai tsawon kamu ɗaya da rabi, an ɗan lanƙwasa bayansa sama, da ƙananan tayoyi huɗu a ƙarƙashi. Ya ce a can siketbod ake ce masa. Bakina bai iya ba, na ce allo, sunan kuma ya bi shi. Katakon ne ya tsage, ya kawo mini in duba. Da na gyara na tambaye shi abin da ake ɗauka da shi, don ni na zata kurar yara ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in rufe rumfa bayan la'asar in biyo shi. Ya kai ni tsohon siton hatsi da ke kan hanyar Paki, inda aka yi faffaɗan daɓen siminti don shanya masara da barkono. In kaka ta wuce, daɓen nan sai ya zauna fayau, ba kowa sai awaki. Ya ɗora ƙafa ɗaya, ya tura ƙasa da ɗayar, sai ga mutum yana tafiya a tsaye ba ya taku. Ya kai ƙarshen daɓen, ya karkata jikinsa kaɗan, abin ya juyo da shi. Da ya miƙo mini na hau da ƙarfin hali, allon ya sulluɓe gaba, ni na zauna daɓas. Na tashi na sake hawa. Kafin magariba na faɗi ya fi sau ashirin, amma akwai sau ɗaya da na yi tafiya kamar taku goma ban faɗi ba, iska tana shiga hannun rigata, na ji wani irin sauƙi a ƙirjina da ban taɓa ji ba. Wannan sau ɗayan ne ya kama ni.

Ban daɗe ba na sassaƙa nawa. Tayoyi na samo wajen masu gwanjo a Zariya, Bitrus yana sa mini boris a cikinsu don su juya, ni ina yi masa katako in manna sanfefa a kai don ƙafa ta kama. Mutanen gari sun yi ta magana. Wasu sun ce Sale kafinta ya bi aboki ya zauce. Kakanku ya ji, ya tako har daɓen da sandarsa ya tsaya yana kallo. Da na sauko, abu biyu kawai ya tambaye ni, ko abin yana hana ni salla, ko yana hana ni aiki. Na ce a'a. Ya ce to in ci gaba, amma in daina yi da rigar Juma'a. Innarku kuwa da allon ta aure ni, ta san in la'asar ta yi sanyi a rani ba a nemana a gida.

Daɓen nan gida biyu ne, da kwata a tsakani wadda faɗinta bai wuce kamu ɗaya ba. Bitrus bai taɓa son ta ba, shi dai ya yi ta zagaye. Ni ne na nace sai na koyi tsallake ta. Za ka taho da gudu, ka danna bayan allon da ƙafa, ya ɗaga kai, ka ja shi sama tare da kai, ku sauka a wancan ɓangaren. Rani biyu na yi ina faɗuwa kafin na iya. Daga nan ta zama abin da aka san ni da shi. In baƙo ya zo gari aka ba shi labarina, tsallen nan yake so ya gani.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, tsufa ba ya zuwa rana ɗaya. Ina da talatin in na faɗi sai in kaɗe wando in tashi. Da na haura arba'in, faɗuwar yau sai jibi take sakina. Da na shiga hamsin sai na lura tun kafin in hau nake jin gwiwar dama, kuma in na sauka daga tsalle sai in ji shi har cikin haƙorana. Ido ma ya fara yi mini wasa, 'yar tsakuwar da da nake hangowa daga nesa sai tayar ta ci karo da ita nake sani. Amma duk wannan ba shi ya fi damuna ba. Wani abu ne ya shigo tsakanin zuciyata da ƙafata. Da, in na nufi kwatar nan ba na tunanin komai. Yanzu kuwa ina isa sai in ji kamar wani ya ce dakata, ƙafar ta yi jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba. Na san da shi, ban gaya wa kowa ba, har Bitrus.

A shekarar da nake ba ku labari ina da hamsin da bakwai. Yayanku Abba yana aikin malamin asibiti a Makarfi, da matarsa da ɗansu ɗaya. Kun san yadda muke da shi. Ɗan fari ne, ga shi sunan kakanku ya ci, ban taɓa kama sunansa na yanka ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da shi ba. Gaisuwa ce, sai yaya aiki, sai Allah ya yi albarka. Shi ya sa abin da ya yi ranar babbar salla ya girgiza kowa. Ana zaune a tsakar gida ana suyar nama, ɗan'uwanku Musa ya fito da waya yana nuna wa mutane hoton tsallena da wani ya ɗauka, ana ta dariya ana yaba ni. Abba ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe, ya sake kalla. Sannan ya sunkuyar da kai ya yi magana, bai dube ni ba.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙafarka ta baya tana makara. Ina ganin dattawan da ake kawo mana da karayar ƙugu, da yawansu ba sa sake tashi. Don Allah ka bar tsallen nan."

Da a ce ƙarya ya faɗa da na yi dariya. Amma ya ga abin da nake ɓoyewa, ya gan shi a cikin ɗan hoton waya, ya kuma faɗe shi a gaban surukata. Na ce masa tun ba a haife shi ba nake tsallake kwatar nan, in yana jin kunyar a ce ubansa yana wasan yara to ya faɗa kai tsaye. Rakiya ta shiga, ta ce dama tun da ya fara sa farar riga yake ganin kowa mara lafiya ne. Kafin la'asar ya ɗauki iyalinsa ya koma Makarfi.

Hoton nan ya yi yawo har Zariya. Bayan kamar wata biyu sai ga wasu samari huɗu sun zo a mota, masu yawo da takalmin taya, suka ce tsohon da suka gani suke nema. Suka gaishe ni da ladabi, suka ce in ba damuwa suna so su gani da idonsu. A ranar tun da asuba gwiwata take ciwo, da ƙyar na miƙe daga sujada. Bitrus ya lura da yadda nake taku, ya ja ni gefe ya ce mu yi musu zagaye kawai, yara ne, za su gamsu. Na ce mutane sun taso tun daga Zariya, ba zan nuna musu abin da kowa zai iya ba. Gaskiyar ita ce maganar Abba nake so in ƙaryata. Na koma ƙarshen daɓen, na turo da gudu. Ina isa bakin kwatar muryar nan ta ce dakata, ni kuma na ce a'a, ƙafata ta rasa wanda za ta bi. Tayoyin baya suka doki bakin siminti. Na tuna na kai hannun hagu don in tare ƙasa, na kuma tuna ƙarar da na ji, kamar an karya busasshen kara.

Bitrus ne ya kira Abba a waya. Ya zo da kansa ya ɗauke ni zuwa Makarfi, aka ɗora hannun aka naɗe shi da farin simintin asibiti. Wuyan hannu ne ya karye, ƙugu kuma Allah ya tsare, buguwa ce kawai. Tun daga Ikara har muka je muka dawo ina jira ya ce ai na faɗa. Bai ce ba. Ruwa kawai yake miƙo mini yana tambaya ko a rage gudu.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. A zaune nake salla. Innarku ce take ɗaure mini mazagin wando, ita take zuba mini ruwan alwala. Ga aikin ƙofofi shida na wani sabon gida a Kudan da na karɓa ban ƙarasa ba, masu gida suna jiran tarewa. Abba, wanda ya koyi riƙon zarto a rumfata tun yana firamare, sai ya riƙa zuwa duk Asabar yana cire farar rigarsa yana ƙarasa aikin a zaure. Ina zaune ina kallonsa, maimakon in gode sai in ji haushi. Allon kuwa yana jingine a bayan ƙofar ɗakina, ba na ko dubansa.

Wata Asabar, kusan mako shida da faɗuwar, innarku da Rakiya da Musa suka tafi bikin suna a Gubuchi. Abba bai riga ya iso ba. Gida ba kowa, rana ta take. Sai na ce bari in gwada tsayuwa kawai, ba tafiya ba. Na ajiye allon a kan simintin ƙofar ɗaki, na dafa bango da hannun dama, na ɗora ƙafa ɗaya. Allon ya ɗan motsa, motsin da ko jariri ba zai ji tsoro ba. Sai ƙafata ta kama rawa. Na ce mata ta tsaya, ta ƙi. Na yi ƙoƙarin ɗaga ɗayar, ta zama kamar an kafe ta da ƙusa. Gumi ya jiƙa mini baya. Shekara talatin da ɗaya ina hawa abin nan, ga ni ina jin tsoronsa a ƙofar ɗakina. Ban san sanda na shiga zaure na ɗauko zarto ba. Na ɗora allon a kan benci, na take shi da ƙafa, na kama yanka da hannu ɗaya. Zarton yana kaucewa, ina sake sa shi. Ina yi ina kuka, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar kakanku.

A haka Abba ya yi sallama ya shigo. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi allon da ya rage kaɗan ya rabu. Bai tambaye ni komai ba. Ya matso a hankali ya zare zarton daga hannuna, kamar yadda ake karɓar wuƙa a hannun yaro, ya zaunar da ni a kujera, ya ciro hankici ya ba ni. Ya juya zai sauke allon daga benci, ɗan abin da ya rage ya ƙarasa karyewa, rabi ya faɗi ƙasa. Daidai nan muka ji muryoyi a ƙofa. An fasa zama a gidan sunan saboda jaririn ba lafiya, sun dawo da wuri. Rakiya ce ta fara shigowa. Abin da ta gani shi ne ubanta a zaune da ɗaurarren hannu da jajayen idanu, da yayanta a tsaye da zarto a hannu ɗaya, rabin allo a ɗayan.

"Yaya, abin har ya kai haka? Sai da ka bari ba kowa a gida?"

Abba ya dube ni. Kallo ɗaya ne, ba na tuhuma ba, kamar dai yana jiran ya ji abin da nake so. Kalma uku ta isa: ni na yanka. Suna bakina. Na sunkuyar da kai na dubi ƙasa. Da ya ga haka sai ya ajiye zarton, ya ce wa Rakiya ta yi haƙuri, ya tattara guntayen ya fita da su.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya rufe mini baki. Ba wani abu ba ne illa girman kai. In aka ce ɗansa ne ya yanka masa, ni wanda aka zalunta ne, gwani ne da aka tsayar da ƙarfi. In kuwa na ce ni ne, to sai in faɗi dalili, in ce na hau ƙafata ta yi rawa. Na zaɓi tausayin da ya fi mini daɗi, na bar ɗana ya ɗauki kayan. Na ce gobe zan gyara maganar. Gobe ta zo, labari ya riga ya zaga unguwa, mutane suna zuwa yi mini jaje, kullum sai faɗar gaskiyar ta ƙara nauyi.

Kun san abin da ya biyo baya, don da ku aka yi. Rakiya ta yi wata biyar ba ta ɗaga wayarsa. Da matarsa ta haihu ba ta je suna ba. Musa in ya gan shi sai ya tuna yana da wurin zuwa. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne Bitrus, mutumin da ya goya Abba a kafaɗa yana ƙarami, ya koya masa hawa keke. Abba zai durƙusa ya ce Kawu ina wuni, Bitrus ya ci gaba da kwance injinsa kamar bai ji ba. Duk da haka kowace Asabar yaron nan sai ya zo, har ya gama ƙofofin Kudan ya je ya kafa su. Innarku kaɗai ce ban ruɗa ba. Tun a ranar, da ta zo karɓar rigata za ta wanke, ta kaɗe ta ta ce:

"Malam, garin katakon a rigarka yake, ba a tasa ba."

Ba ta ƙara ba, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce maganar tawa ce, ni ya kamata in faɗa. Ita ma ta ɗauki nata nauyin, tana kallon 'ya'yanta suna gaba a kan abin da ta san ba haka yake ba.

Hannu ya warke, na koma aiki, amma ban koma daidai ba. La'asar ta yi sai in zauna a dakali har magariba. Jiki ya yi nauyi, baya ya riƙe, abinci ba ya yi mini daɗi, kowa ya yi magana sai in yi masa faɗa. Bitrus ma ya rataye nasa allon, ya ce shi kaɗai ba ya jin daɗi. Damina ta wuce, aka kwashe amfani, daɓen ya sake zama fayau. Sai wata Asabar Abba ya zo da leda ya ajiye a kan bencina. Tayoyi ne huɗu, manya masu taushi, ya sa an nemo masa a Kano. Ya ce ya auna jinina sau uku yana hawa, kuma ya san ba gishiri ba ne. Ya ce shi bai taɓa cewa in daina hawa ba, tsalle ya ce in bari. Ya roƙe ni in yi wani allon, dogo mai faɗi, wanda ƙafa biyu za su zauna a kai sosai. Da mutane suka ji sai suka ce yaro ya yi nadama ya biya abin da ya ɓata. Ya ji, bai musa ba.

Kwana tara na yi ina sassaƙa shi. Ranar da na gama ban gaya wa Bitrus ba, don ban san abin da ƙafata za ta yi ba. Mu biyu muka je da Abba. Na ɗora ƙafa, rawar nan ta dawo. Sai ya miƙo mini hannu. Rabon da in riƙe hannunsa tun ranar da na kai shi aji ɗaya. Na kama, na ɗora ɗayar ƙafar, ya riƙa tafiya a gefena yana jana a hankali kamar mai jan makaho. Muka je ƙarshen daɓe muka dawo, muka sake. A na huɗu ban san sanda ya sake ni ba, sai da na juya na hango shi can a baya, hannuwansa a buɗe kamar mai jiran ya cafe wani abu.

A ranar na yanke shawara, kuma ban taɓa karya ta ba: ni da kwatar nan har abada. In na iso sai in sauka, in ɗauki allona, in taka in haye, in sake hawa. Da farko ina jin kunya in mutane suna kallo. Masu zuwa ganin tsalle suka daina zuwa, ba wanda ya sake ɗaukata a waya. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na ga samari suna tashi sama da allunansu wani abu yana motsawa a cikina. Amma abin da na samu ban taɓa zaton yana nan ba. Da, duk hankalina yana kan kwatar, sauran daɓen hanya ce kawai ta isa gare ta. Yanzu sai na ga ashe wurin yana da faɗi. Na san inda simintin ya fi santsi, na san inda yake da ɗan gangare da zai ɗauke ni ba sai na tura ba. Nakan karkata dama in karkata hagu a hankali, in ji nauyina yana sauka daga diddige zuwa yatsu, ina kallon tsuntsaye suna komawa cikin gonar rake, ina tasbihi. Yanzu da nake da sittin da takwas zagaye biyar nake yi, ran da gwiwa ta ƙi in yi biyu, ran da ta ƙi sam in zauna a kan allon in miƙe ƙafa. Tsoron bai tafi ba, amma na daina faɗa da shi, in ya ce ya isa sai in sauka. Ina salla a tsaye, ina sujada da goshina a ƙasa. Na gode wa Allah da ya karya mini hannu bai karya mini ƙugu ba.

Bitrus ya dawo, na yi masa irin nawa, muka ƙara shekara takwas muna zagaye tare, tsofaffi biyu suna hira a kan katako. Ya sauko ya riƙa amsa gaisuwar Abba, sai dai ba kamar da ba. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya masa, sai in ga muna cikin jin daɗi, in ce bari sai wani lokaci. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, 'ya'yansa suna nesa, Abba ne ya riƙa zirga-zirga da shi tsakanin Makarfi da Zariya. Kwana biyu kafin ya cika ina zaune a bakin gadonsa, Abba ya shigo duba shi. Bitrus ya kama hannunsa ya ce:

"Abba, maganar allon babanka, na daɗe da ita a raina. Na yafe maka. Kai yaron kirki ne."

Abba ya durƙusa ya ce, "Na gode, Kawu."

Ina zaune a wurin. Na ce a raina mutum yana wannan hali ba a ɗaga masa hankali. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila kuma tsohon halin ne ya sake samun mafaka. Abokina na shekara arba'in ya tafi bai san wanda ya yi zama da shi ba. Wannan ba abin da zan iya gyarawa ba ne. Naku kuwa zan iya.

Watan jiya na hau mota na tafi Makarfi ban sanar da shi ba. Na same shi ya taso daga aiki, ya ruɗe, ya zata wani abu ne ya faru a gida. Muka zauna a ƙofar gidansa. Na ce na zo neman gafara ne, kuma zan rubuta abin da ya faru in ba ƙannensa. Ya ce don Allah in bar shi, magana ta riga ta mutu, shi bai taɓa riƙe ni ba. Na tambaye shi abin da na shekara goma sha ɗaya ina so in tambaya, me ya sa bai taɓa faɗa ba, ko da Rakiya ta ƙi zuwa sunan 'yarsa. Sai ya ce:

"Baba, da na shigo na ga yadda kake. Ban so su gan ka a haka ba. Ni ana iya fushi da ni, zai wuce."

Na ce masa sai na rubuta, ko ya yarda ko bai yarda ba. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce to in dai ya zama dole, in rubuta duka, kada in mai da shi waliyyi. In rubuta cewa da allon ya karye a hannunsa daɗi ya ji har cikin ransa, don ya gaji da faɗuwar gaba duk sanda wayarsa ta yi ƙara bayan la'asar.

To ga shi na rubuta. Allah ya ba ni abokin da ya koya mini hawa, da matar da ta rufa mini asiri, da ɗan da ya fi ni girma tun ina ganinsa yaro. Ban biya ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata ba. Ni ku yafe mini. Shi kuwa Abba yana gidansa a Makarfi duk Lahadi bayan azahar. Rakiya, ke za ki fara zuwa.